Saisayen Dattijuwa Ba Kwaikwayon Maza Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai wata magana da ake raɗawa a tsakar gida da wuraren biki, wadda ya kamata a fito da ita fili a auna ta da ma'aunin Shari'a. Sau da yawa akan sami dattijuwa, shekarunta sun kai sittin ko sun haura, gashinta ya zube sai ɗan abin da ba a rasa ba, ta gaji da wahalarsa, ta sa a rage mata shi da almakashi a yi saisaye. Ran da kallabinta ya zame aka gani, shi ke nan sai surutu ya tashi. Wannan ta ce ta mai da kanta namiji, waccan ta ce ta shiga cikin waɗanda aka la'anta. Saboda tsoron bakin mutane, tsofaffi da dama sun zaɓi su ci gaba da kitso a kan da ba ya ɗaukar kitso, suna shan zafi suna shiru.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a yi wa tsohuwa hukunci sai a fara duban abin da ya kai ta ga almakashi. Likitoci sun bayyana cewa gashin mutum yakan ƙaru da misalin santimita 1 a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Amma in mace ta manyanta, haila ta ɗauke mata, sai silin ya sirance, tsirarsa ta yi nawa, tsakar kai ta fara bayyana. Ga kuma kitso mai tsauri, shuku ko doka ko kalaba, wanda aka shekara arba'in ana ja. Ja ɗin nan yana cin gaban goshi da gefen kunnuwa. Da fari in aka sassauta gashin yakan dawo, amma in aka daɗe saiwar takan mutu, wurin ya zama sanƙo har abada. Man miƙar da gashi ma ba a bar shi ba. A shekarar 2022 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka, bayan sun bi mata fiye da 33,000 na tsawon shekaru, sun ba da rahoto cewa masu yawan shafa shi sun fi saura kamuwa da sankarar mahaifa. Wadda kuwa ake yi wa ƙarin ruwan maganin sankara, gashinta yakan fara zuba cikin mako biyu zuwa uku da somawa. Banda wannan duka, a tuna da zaman awa biyu ko uku a ƙasa gaban makitsiya, wuya a tanƙware, ga mai ciwon baya da gwiwa, sa'an nan ga tsifa, ga wanki, ga kuɗin kitso ko wane mako biyu.

Masu zargi suna da hujjarsu, ba kuwa za a raina ta ba. Haƙiƙa ya inganta cikin Sahihul Buhari, daga Abdullahi ɗan Abbas, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Babu Musulmin da zai ja da wannan. Abin tambaya shi ne ko tsawon gashi shi kaɗai ne alamar da ta raba namiji da mace. Littattafan hadisi sun nuna gashin Manzon Allah yakan kai fatar kunne, wani lokaci har kafaɗa, kuma Ummu Hani ta ba da labarin ya shigo Makka da kitso huɗu a kansa. Har yau samarin Bororo da kitso suke yawo, babu mai ce musu mata. Watau in dogon gashi bai mai da namiji mace ba, gajere shi kaɗai ba zai mai da mace namiji ba. Kamantawar da aka hana tana tare da nufi, da ɗaukar siffar da al'adar wuri ta keɓe wa ɗaya jinsin.

Akwai kuma dalili wanda ya fi wannan kusa da maganar. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Salama ɗan Abdurrahman cewa matan Annabi sun kasance suna rage gashinsu har ya tsaya misalin wafara, watau wanda bai wuce kunne ba. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a shekarar 544 ta Hijira, ya fahimci cewa sun yi haka ne bayan wafatin Manzon Allah, domin sun bar ado, kuma suna neman sauƙin kula da kai. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 676, ya bi shi a kan haka, ya kuma kafa hujja da hadisin cewa ya halatta mace ta rage gashinta. To, ashe Iyayen Muminai da kansu, da suka manyanta, sun zaɓi sauƙi. Wane ne zai buɗe baki ya ce sun kwaikwayi maza?

Amma fa gaskiya ta wajaba ta ko wane gefe. Wafara ta fi saisaye tsawo, saisaye kuma dabam yake da aski ƙwal da aska. A aikin Hajji namiji yana aske kai, mace kuwa ragewa kaɗai aka ɗora mata, gwargwadon gaɓar yatsa, kuma malaman Malikiyya suna ganin aske kan mace ba dalili ɓata halitta ne. Saboda haka matakin uku ne. Ragewa zuwa kunne babu laifi. Saisaye domin rauni ko ciwo ko tsufa, ba da nufin kama da maza ba, yana cikin sauƙin da addini ya bayar. Aski ƙwal kuwa sai larura ta kama, kamar gyambo a kai, ko makero, ko aikin likita. Ko a cikin harami, da kwarkwata ta dami Ka'abu ɗan Ujra a shekarar Hudaibiyya, an ba shi izinin aski ya yi fidiya, kamar yadda aya ta 196 cikin Suratul Baƙara ta zo da shi. Addinin da ya ɗauke cuta daga kan mai harami ba zai ɗora ta a kan tsohuwa ba.

Abin mamaki, abin da nassi ya hana ƙarara shi ne jama'a suka kau da kai daga gare shi. Ƙarin gashi, wanda ake saye a kasuwa a kitsa da na kai, Risalar Ibn Abi Zaid da yara ke karantawa a zaure ta ambaci haninsa. Buhari ya ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta nemi izinin ƙara wa 'yarta amarya gashi, bayan ciwo ya zubar mata da nata, ba a ba ta ba. Duk da haka sai a ga wadda ta cika kanta da gashin kanti ita ce a gaba wajen yi wa uwar mijinta dariya. Nauyin ƙarin nan kuwa yana cikin abin da ke cin goshi, watau mai dariyar yau ita ce mai sanƙon gobe.

Dattijuwar da ta yi niyyar ragewa, in tana da miji sai ta shawarce shi, shi kuma ya ji tausayi, gama wadda ta shekara talatin tana masa ado ba ta cancanci a tsananta mata ba. Mace 'yar'uwarta ko muharraminta ne zai riƙe almakashi, ba wanzamin bakin kasuwa ba. A daidaita kan duka, kada a aske wani sashe a bar wani, domin wannan an hana shi cikin hadisin Abdullahi ɗan Umar. In zubar ta zo farat ɗaya, ko da ƙaiƙayi da ƙuraje, sai a je asibiti tun da wuri, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna zubar da gashi, kuma suna da magani. Iyaye mata su kuma sassauta wa 'yan mata kitso tun yanzu, rigakafi ya fi magani.

Sauran magana tana kan kishiyoyi da surukai da jikoki. Kan mace a rufe yake, baƙo ba ya ganinsa. Duk ran da labarin saisayen tsohuwa ya fita waje, na cikin gida ne ya fitar, ya tona asirin da aka ba shi amana, ya kuma faɗa cikin gulma da izgili waɗanda Suratul Hujurati ta hana. Laifin nan tabbatacce ne, na tsohuwar kuwa zato ne kawai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, gama furfura da rauni suna jiran duk wanda Allah ya ja kwanansa.

Allah Ya ba tsofaffi lafiya, Ya ba yara ladabi, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.