Raƙuman Dawan Kure da Manomin da Ke Ciyar da Su



A shekarar 1996, da aka ƙidaya raƙuman dawan da suka rage a Nijar, 49 aka samu, kuma su ke nan a duk Afirka ta Yamma. Yau sun haura 600. Ba kuma a gandun da aka kewaye da waya suke ba. A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, cikin gonakin Zabarmawa suke kiwo. Da damina suna kan tudu, rani na yi su gangara kwarin Dallol Bosso, inda gawo ke da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kakkaɓe.

Zama da su sai mai haƙuri. Manomi ya sha rana a kan wakensa, ya wayi gari an kwashe masa rabi. Mangwaron lambu kuwa, ina ruwan dogon wuya da shinge? Dokar hana farauta ta taimaka, amma doka ba ta kwana a gona. Abin da ya sa mutane suka kau da kai shi ne sun gani a ƙasa: ƙungiyar ASGN mai kare dabbar ta haƙa rijiyoyi, ta ba mata bashin jari, samarin ƙauyuka suka zama 'yan rakiyar baƙi masu zuwa kallo. Garken ya yi yawan da a 2018 aka ɗebi 8 aka mayar dajin Gadabeji a jihar Maraɗi.

Sai ga ranar 9 ga Agusta, 2020. 'Yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, direbansu, da shugaban 'yan rakiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin kallo ya ƙafe, shi kuwa raƙumin dawa bai daina cin wake ba. Ga kuma masu saran itace suna ta lodi zuwa murhun Yamai, daji na ƙara ƙanƙancewa, dabba na ƙara faɗa wa gona.

A ganina kuskure ne a jingina haƙurin talaka a kan aljihun ɗan yawon buɗe ido. Muna kira ga hukumomin kula da gandun daji da ƙungiyoyin da ke alfahari da wannan garke a tarukan duniya, su tanadi diyyar ɓarnar gona, a biya ta kan kari, kafin manomin Kure ya gaji.