Ba doka ce ta hana ɗaukar ma'aikata ba

A majalisun ƴan kasuwar Damagaram magana ɗaya ake ta juyawa: wai dokar ƙwadago ta yi nauyi, wai takardu da kuɗin asusun inshorar ma'aikata na CNSS da tsoron sufeton ƙwadago su ke hana mai dukiya ɗaukar yaro aiki. Ban yarda ba.

A bi hanyar Gure a sauka Gidimuni. A lambunan bakin tafki, mai saran rake da mai ban ruwa ba su san wata takarda ba. Da baki ake ciniki, da sassafe, kuma tambayar ɗaya ce: "Ɗan gidan wa ne?" In adda ta sari ƙafar yaro, a ce "Allah ya sawwaƙe," gobe a kira wani. Nan babu sufeto, babu ƙungiya. Da doka ce ke tare hanya, ai da aiki ya yi wa Gidimuni yawa. To me ke cika motoci da samari zuwa Agadas, Libiya da Kano da an gama girbi? Rashin jari da rashin kasuwa.

Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta haramta a ƙi mutum aiki saboda jinsi, addini, naƙasa, sikila ko ƙanjamau. Wane ɗan kasuwa wannan ya talauta? Mafi ƙarancin albashin da aka yanke a 2012 jika 30 ne da ƴan kai a wata a lokacin. Wanda ya yi kukan wannan bara yake nema, ba ma'aikaci ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar da ta gama karatu, ta kai takardunta, a tambaye ta ko tana da miji, ko bana za ta haihu, a ƙarshe a ce ta dawo bayan magariba. In ba ta da uba a gindin murhu, wannan dokar da ake zagi ita kaɗai ce gatanta.

Manyan kamfanoni ma haka. Matatar mai ta SORAZ ta buɗe a 2011, ƴan ƙasa suka yi shekaru suna kukan ratar albashi tsakaninsu da ƴan China, sai a watan Maris na 2025 gwamnati ta kori manyan jami'an man fetur uku ƴan China. Sakaci da doka ne ya kai mu nan.

Dokar da Faransanci take, sufeto kuma yana birni. Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, a juya ta zuwa Hausa, sufeto ya zo Gidimuni ranar kasuwa ya karanta ta a gaban masu lambu da ƴan ƙwadagonsu.