Waiwaye: Naira 125 da Jiniyar Kakuri

Ranar 11 ga Mayu, 1981, ma'aikatan Najeriya suka ajiye aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, shekararta uku kacal da kafuwa, Hassan Sunmonu ke jan ragamarta. Abin da suka nema a wurin gwamnatin Alhaji Shehu Shagari shi ne kada albashin kowa ya gaza naira 300 a wata. Bayan kwana biyu aka janye yajin, aka koma ciniki, aka tsaya a kan naira 125, aka mai da shi doka. A wancan lokaci naira ta fi dala ƙarfi, saboda haka kuɗin nan sun kai kimanin dalar Amurka 200. Naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya rattaba wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa, ko dala 50 ba su cika ba a ranar da aka sa hannun.

Tsakanin waɗannan biyun an yi 18,000 a 2011, an yi 30,000 a 2019. Babu wanda aka samu a ruwan sanyi, sai da barazana ko yajin aiki. Adadi yana ta hawa, cefane yana ta raguwa, kuma har yau kukan masinja da malamin firamare ɗaya ne: albashi ba ya kai wata. Ke nan akwai abin da ya kuɓuce a hanya, kuma ni a ganina yana nan cikin aƙidar da aka gina ƙungiyar a kanta.

Taken NLC shi ne aiki ke haifar da arziki. Magabata sun ɗauki maganar ta fuska biyu. Tunda gumin ma'aikaci ne arzikin ƙasa, to yana da haƙƙin ci da sha da magani da karatun 'ya'yansa. Haka nan kuma, tunda sai da aiki ake samun arzikin, to ƙungiya tana da ta cewa a kan duk wata manufa da za ta buɗe masana'anta ko ta rufe ta. Yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu na jirgin ƙasa ya yi suna a cikinsa, a kan alawus ɗin tsadar rayuwa ya taso, amma cikin kwana 44 ya zama ƙalubale ga mulkin Turawa baki ɗaya. Harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949 ya ƙara wa neman 'yanci wuta. Da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, NLC ƙarƙashin Ali Ciroma ta ja daga, tana ganin karya darajar naira zai cinye albashi ya kuma durƙusar da masana'antu. A 1988 gwamnati ta fake da rikicin cikin gida ta rushe shugabancin. Sai dai lokaci ya gaskata ƙungiyar.

Wanda ke son ganin abin da ake nufi, ya tambayi tsofaffin Kakuri a Kaduna. A 1957 gwamnatin Arewa ta Sardauna ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar KTL. Bayanta masaƙun UNTL da Arewa da Nortex suka biyo. In jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titi yakan cika maƙil da kekuna, masu fitowa da ƙurar auduga a gashin kansu, masu shiga suna sauri kada a rufe ƙofa. A bakin get ga masu tuwo da masu ƙosai, ga mai faci, ga mai shayi da littafin bashinsa yana jiran ƙarshen wata. Mai gidan haya a Makera da Nasarawa ya san ranar biya kamar shi ne akawun kamfani. Can kuma a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, manomi yana shuka auduga da sanin akwai mai saye. Albashin masaƙi ɗaya yana ratsa hannu da yawa kafin ya ƙare. A Kakurin nan ne Adams Oshiomhole ya yi tashe, har ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, kafin ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007.

Masaƙun nan ba yawan albashi ne ya kashe su ba, duk da cewa akwai masu son a ɗauka haka. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, manomi ya rasa tsayayyen farashi da iri mai kyau. Kayan gyaran injuna daga waje suke zuwa, ga naira ta faɗi. Lantarki ya zama sai an ga dama, baƙin mai na tukunyar tururi ya yi tsada a garin da matatar mai take. Sannan atamfar Sin ta kwararo ta Kwatano da iyakar Nijar, ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun shekara da shekaru suna bin giratutinsu, wasu har suka koma ga Mahalicci ba su karɓa ba. Allah ya jiƙan su. Wane ƙarin albashi za a yi wa wanda aka kulle masa ƙofar aiki?

A yi adalci, ƙungiyar masaƙa ta yi iya yinta. Ta yi zanga-zanga a kan fasa-ƙwauri, ta kai kuka a kan wuta, ta kuma jawo teloli masu zaman kansu cikin tafiyarta. Amma uwar ƙungiya ba ta taɓa tsayar da ƙasa cik saboda masaƙu ba, yadda ta sha yi saboda albashi da farashin fetur. Da masana'antu suka mutu, nauyin ƙungiya ya koma kan ma'aikatan gwamnati, gwagwarmaya ta zama ta rabon abin da ke baitulmali. Mafi yawan masu neman na kansu a ƙasar nan ba su da takardar albashi: manomi, ɗan acaba, mai wankin hula, 'yar talla. Dokar albashi ta 2019 ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. In aka shiga yajin sai-baba-ta-gani, asibitinsu ne ke rufewa, in aka yi ƙari kuma su ne ke fara jin sa a bakin mudu.

Watan Janairun 2012 ya nuna cewa in ƙungiya ta ɗauki maganar kowa, kowa zai bi ta. Fetur ya tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, Kano da Legas da Kaduna suka fito, gwamnati ta sauko zuwa 97. A 2023 da aka cire tallafin fetur ɗungurungum, abin da aka tashi da shi shi ne naira 35,000 a wata na tsawon wata shida ga ma'aikatan tarayya. Talakan da ba ya cikin rajistar gwamnati bai ga ko sisi ba. Ranar 3 ga Yuni, 2024 kuwa, 'yan ƙwadago sun kashe babban layin lantarki na ƙasa a kan batun albashi. Ashe ƙarfin yana nan, inda ake kai shi ne abin dubawa.

Dokar 2024 ta ce a sake duba mafi ƙarancin albashi bayan shekara uku, wato 2027. 'Yan uwa shugabannin ƙwadago, ku nemi ƙarin, haƙƙinku ne. Amma a takarda ɗaya da adadin, ku rubuta wutar da za a ba masana'antun Sharaɗa da Bompai da Kakuri, da farashin da manomin auduga zai dogara da shi, da ranar da za a biya tsofaffin masaƙa. Kada ku sa hannu sai an amsa su duka.