Zare: Kafin ka saya wa tsohon mashin ɗinka batir

1/ Batir biyu na binne cikin wata bakwai. Na uku ne ya zauna, yanzu ya haura shekara ɗaya da rabi, kuma bai fi su tsada ba. Masu tsohon mashin, musamman 'yan'uwana ɗalibai da kuɗinmu a ƙirge yake, ku matso kusa. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/ Ra'ayina a taƙaice: yawancinmu sa'a muke saya da sunan batir. Ka je shago ka ce "ba ni mai kyau", a miƙo maka, ka ɗaura ka wuce. Ni kam na ce zaluntar aljihunka ne ka biya kuɗin batir alhali ba a auna wutar mashin ɗin da mita ba.

3/ Nawa roba-roba ne 110. Na Abba ne, ya bar min da na shiga jami'a. Ya girmi ƙanwata da take aji uku a sakandare 😂 Shi nake hawa zuwa BUK ta titin Gwarzo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin adaidaita kullum ya fi ƙarfina. Mashin ɗin nan shi ne ƙafata.

4/ Da batirin da na gada ya mutu, na shiga kasuwa na ɗauko mafi araha. Wata uku ya yi, ruwansa ya ƙafe. Na ce ai dama araha ba ta ado. Sai na haɗa kuɗin abincin sati biyu na sayi rufaffe, wanda ba a zuba masa ruwa. Wata huɗu, ya kumbura kamar burodi.

5/ Daga nan na yi zuciya. Na ce ai akwai kik, wa ya damu da sitata? Na ci gaba da hawa da mataccen batir. Mashin yana tashi, fitilar gaba tana ci, shi ke nan a ganina. Na san da yawanku haka kuke yawo yanzu haka, kada ma ku musa.

6/ Abin da ban sani ba: a irin waɗannan mashina da yawa, fitilar gaba daga kwayil take shan wuta kai tsaye. Amma hon, sigina da jar fitilar birki, da batir suka dogara. Wato kai kana ganin gabanka, na bayanka kuwa bai san ka taka birki ba.

7/ Wani dare na taso daga karatu bayan isha'i, na rage gudu saboda rami, kawai sai na ji gam! Mai adaidaita ya same ni ta baya. Allah Ya taƙaita, gwiwa da gwiwar hannu ne suka goge. Ya fito yana rantsuwa bai ga jar wuta ba. Gaskiyarsa ce. Saura kwana biyar a fara jarrabawa.

8/ Washegari Abba ya tura ni wajen wani dattijo mai wayarin da ya daɗe yana duba masa mashin. Ya kalli batirin ya ce: "Ɗan makaranta, ka taɓa auna wutar da take shiga cikinsa?" Na ce "A'a Baba." Ya ce "To kai da bokon taka me kuke yi?" Wallahi na ji kunya.

9/ Ya jona wani batir na gwaji, ya sa mita, ya ce in murɗa totur. Lamba ta haye 16. Ya ce rektifaya ce ta mutu, dafa batiran take yi. Kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Ashe batir biyu na kashe da hannuna, ina ta zagin masu shago a banza.

10/ To ga darasi na farko, kuma shi ne babba: a auna caji tukuna. Idan inji yana aiki an ɗan murɗa totur, mashin mai 12V ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, dafa batir yake. In ya maƙale ƙasa da 13, ba ya ciyar da shi. Ko wanne ne, sabon batir ma mutuwa zai yi.

11/ Awon nan bai kai minti biyar ba. Mai wayarin na kirki yana da mita. In wanda kake zuwa wajensa gwajinsa kawai shi ne ya goga waya a ƙarfe ya ga tartsatsi ya ce "akwai wuta", to akwai wuta, amma nawa? Tartsatsi ba ya faɗa maka lamba. Nemi wani.

12/ Na biyu: ka tabbatar batirin ne ma ya mutu. A kashe mashin a bar shi ya huta, a auna. Lafiyayye da ya cika yana nuna 12.6 zuwa 12.8. Ƙasa da 12 ya sauka sosai. A yi masa caji, sannan a danna sitata ana kallon mita. In ya faɗo ƙasa da 9.6, ya gaji da duniya.

13/ Wani sa'in ma ba komai ba ne illa farin garin nan da yake taruwa a kan batir, ko noti ya saki, ko fis ya ƙone, ko wayar ƙasa ta yi tsatsa. Tsohon mashin ya sha ruwan damina shekara da shekaru. A goge, a ɗaure, a sake gwadawa kafin a taɓa aljihu.

14/ Na uku: ka tafi kasuwa da tsohon batirin a hannu, ko aƙalla hotonsa. Rubutun da ke jikinsa ba ado ba ne. Nawa an rubuta 12N5-3B. 12 ɗin ƙarfin wuta ne, 5 ɗin yawan wutar da yake ajiyewa ne, wato 5Ah. Ragowar yana nuna inda kawunansa da bututun iskarsa suke.

15/ Masu mashin na zamanin kakanni, ku kula da kyau. Wasu tsofaffin Honda da ire-irensu 6V suke amfani da shi, za ka ga an rubuta irin su 6N4 a jiki. Ka ɗaura musu 12V ka ƙone ƙwan fitilu a take. Kada ka ɗauka kowane mashin 12 ne don na abokinka 12 ne.

16/ Sannan gefen da + da − suke. Batir biyu za su iya zama girma ɗaya amma kawunansu a juye. Sai ka ga ana jan waya da ƙarfi don ta kai, ko a ƙara mata guntu a naɗe da leda. Wayar tsohon mashin ta riga ta bushe. In kuma aka juya su bisa kuskure, fis ko rektifaya ne za su biya.

17/ Akwai masu cewa "sa babba, ya fi ƙarfi." Ban yarda ba. Kwayil ɗin ƙaramin mashin wuta kaɗan yake bayarwa. In tafiyarka gajera ce, daga gida zuwa makaranta, babban batir ba zai riƙa cika ba. Ga shi ba zai zauna daidai a gidansa ba, jijjiga ta riƙa cinsa. Sa irin wanda aka ƙera mashin ɗin da shi.

18/ Mai ruwa ko rufaffe? Ga yadda nake gani. Mai ruwa yana da haƙuri da tsohon mashin: in caji ya ɗan yi yawa ruwansa ya ragu, za ka gani ta jikinsa ka ƙara. Rufaffe ba ya son haka. In ya rasa ruwa ya rasa ke nan, sai dai kumburi. Abin da ya sami nawa na biyu ke nan.

19/ Amma rufaffe ba ya zubar da asid ya ci maka bodi, ba ya neman kulawa, ya fi jure jijjigar titunanmu. Saboda haka in an auna cajinka lafiya lau, kuma ka san halinka na mantuwa, ɗauki rufaffe. In za ka iya leƙawa duk wata, mai ruwa ya ishe ka. Ni mai ruwa na koma.

20/ In mai ruwa ne: abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan batir da ake sayarwa a gora. Ba asid ba, ba fiya wata ba, ba ruwan rijiya ba. Ruwa ne yake tashi ya bar asid ɗin a ciki. Ma'adinan da ke cikin ruwan sha kuwa lalata farantan dalmar suke yi. Kada ya wuce layin sama.

21/ Na litiyom fa? Na ga ana tallansa, ba nauyi, ga kyau. A tsohon mashin ni ban ba da shawara ba. Ba ya jure caji da ya wuce kusan 14.6, tsohuwar rektifaya kuma ba ta da alƙawari. Kuɗinsa ma ya isa ka sayi na dalma ka canza rektifaya har ka sha mai.

22/ A shago: "sabo" a kwali ba yana nufin sabo a ciki ba. Batirin da aka riga aka zuba wa asid yana sauka a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafin Kano kuma yana ƙara masa sauri. Ka ce a auna a gabanka. In yana ƙasa da 12.4, ya daɗe a kanta. Ka ce a canza.

23/ Shi ya sa na fi son wanda yake zuwa a bushe, asid ɗinsa daban. Ranar da aka zuba, ranar rayuwarsa ta fara. Amma kada a zuba ka ɗaura ka tafi. A bar shi ya jiƙa kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, a yi masa caji ya cika, sannan a ɗaura. Gaggawar nan tana rage masa kwana tun ranar farko.

24/ Wajen caji ma a kula. Ƙa'idar ita ce kusan kashi ɗaya bisa goma na ƙarfinsa: batir mai 5Ah, rabin amfiya, na wasu awanni. In aka jona shi a cajar batirin mota don a gama da wuri, zafi zai yi, farantansa su lalace. In ka taɓa ka ji ya yi zafi sosai, a cire.

25/ Wata dabara: ɗauki biyu masu girma ɗaya ka jinjina a hannu. Dalma ce take da nauyi, ita ce kuma take aikin. Wanda ka ji shi sakayau, an yi rowar dalma a ciki. Sannan ka tambayi mai shago: in ya mutu cikin wata ɗaya zan dawo? Ka karɓi rasit, a rubuta kwanan wata.

26/ Na san wani zai ce, "Malam, talauci ne, abin da kuɗina ya kai nake saya." Na fahimta, ni ma daga nan na fito. Amma lissafa: batir biyu, maganin ciwo, gyaran fitilar baya, da adaidaitar sati guda. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi kowa buƙatar ya saya sau ɗaya. Awon ma kusan kyauta ne.

27/ Hutu kuma. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur, ya san yadda abin hawa yake zama a jingine. Batirin dalma in ya zauna a sauke, wani gishiri yake daskarewa a farantansa, ba ya komawa daidai. In za ka ajiye mashin, cire wayar −, ka sa a yi masa caji duk wata.

28/ In da kanka za ka canza: kashe makulli, fara cire −, sannan +. Wajen ɗaurawa, fara da +, ka ƙare da −. Dalili: jikin mashin duka − ne, in sifana ta taɓa + da ƙarfe lokaci ɗaya, tartsatsi ne. Ka mayar da bututun iskar ya kalli ƙasa, kada asid ya ɗiga a kan sarƙa.

29/ Tsohon kuma kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa suna wasa. Dalma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, ko da yake ta wajen haƙar zinare ce. Mayar wa mai shago, da yawa suna karɓa su rage maka wani abu.

30/ Abu na ƙarshe: yau da daddare ka sa ƙaninka ya tsaya a bayan mashin ɗinka, ka taka birki, ka tambaye shi ko ja ta kama. In ba ta kama ba, gobe kafin lacca ka biya ta wajen mai wayarin. Wa ya taɓa binne batir fiye da biyu? Ku faɗa min a ƙasa, in san ba ni kaɗai ba ne 😅