Daga Lefen Kaba Zuwa Akwati Mai Taya

A wannan mako za mu waiwayi tarihin mazubin kaya, domin duk wanda ya taɓa ganin ana sauke lefe a Birnin Kudu ko Gwaram ya san akan fara ƙirga akwatuna tun ba a buɗe ko ɗaya ba.

Asalin lefe dai kwando ne da ake saƙawa da kaba, shi ya bar wa kayan aure sunansa. A zamanin kakanninmu falke taiki yake ɗora wa takarkari, malami ya rataya gafaka, attajiri ya adana kuɗinsa a zabira, tufafin mata kuwa sai adudu. Har yau ɗan kasuwa in ya ce jaka, Naira 200 yake nufi, gadon lokacin da ake zuba fam 100 a jaka guda. Ita ma fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano ta daɗe tana ratsa Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko.

A can Turai, gidajen da mata ke rububin jakunkunansu yanzu da sana'ar hannu suka faro. Hermès baduku ne mai kayan doki a birnin Faris tun 1837. Louis Vuitton ya buɗe shagonsa a 1854, ya yi suna da akwati mai shafaffen murfi, wanda ake iya jibga wani a kansa cikin jirgin ƙasa. Taya kuwa sai a 1970 aka sa wa akwati a Amurka. Sannu a hankali sunan maƙeri ya fi abin da ya ƙera tsada.

Mu ma hanyar muka bi: daga adudu zuwa akwatin ƙarfe, zuwa fantimoti, zuwa saiti mai taya, da 'yar jakar hannu mai tambari, wadda galibi kwaikwayo ce. Ba mu ƙi ado ba. Amma sadaki shi ne wajibi, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari a mazhabarmu ta Malikiyya, lefe kuwa al'ada ce. Ga shi ƙaramin ma'aikaci yana cin bashi ko ya ɗage aurensa don a cika saiti shida, alhali bayan biki amarya ɗaya take tafiya da shi, sauran biyar suna bisa durowa suna shan ƙura.