Ƙaramin Tabo a Fata, Babbar Ɓarna a Gaɓa

Matan Bama da rikicin Boko Haram ya koro Maiduguri da yawansu da allura da zare suke riƙe gida, suna ɗinkin hula. Ga irin wannan mace, yatsa ɗaya ya kumbura sumtum tun daga tushe har farce ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da aka saba shi ne a ce sanyin ƙashi ne, a aiki yaro kyamis ya sayo diklofenak.

Wani lokaci ciwon daga fata ya samo asali. Soriyasis cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita, fata ta yi kauri tana ɓarewa a gwiwa, gwiwar hannu ko cikin gashin kai. Littattafan likitanci sun saba nuna ta ja a farar fata. A baƙar fata kuwa duhu take yi ko toka-toka, shi ya sa ake ɗaukar ta makero ko amosanin kai. Ba a ɗaukar ta daga wani. Kusan ɗaya cikin uku na masu ita ciwon kan kai ga gaɓɓansu, galibi shekaru bayan fitowar tabon.

Faɗin tabon ba ya nuna girman ɓarnar. Mai ɗan tabo a bayan kunne da farce mai ramuka-ramuka na iya samun gaɓɓan da suka zaizaye, wani kuma fatarsa duk ta ɓaci amma yatsunsa garau. Wani bincike a Dublin ta ƙasar Ayalan a 2003 ya gano kusan rabin marasa lafiyar da aka bibiya ƙashinsu ya fara zaizayewa cikin shekara biyu. Wani na 2015 ya nuna jinkirin wata shida kacal kafin ganin ƙwararren likita yana ƙara ɓarnar. Ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa.

Maganin kashe zogi ba ya tsayar da wannan, lulluɓe shi kawai yake yi. Mesotireksat, tsohon magani mai sauƙin kuɗi, na rage kumburin, sai dai yana buƙatar gwajin hanta da na jini, kuma haramun ne ga mai ciki.

Ƙwararrun likitocin gaɓɓai kaɗan ne a Najeriya, kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta lalata kayan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Duk da haka matakin farko ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin ƙaramin asibiti a Gwange ko Bulumkutu zai iya tambayar duk mai tabon fata: "Gaɓɓanki na sandarewa da safe? Dunduniya na ciwo?" Ya duba farce, ya duba cikin gashi, in ya ga alama ya tura ta babban asibiti. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Borno ta sa waɗannan tambayoyi cikin horon ma'aikatanta, ta kuma kai su gidan rediyo da Hausa da Kanuri ranar 29 ga Oktoba, ranar soriyasis ta duniya.