Hawan dutse: ƙarfin jiki kaɗai bai isa ba

Duk ma'aikacin da aka taɓa aikawa taro Adis Ababa ya san abin da nike nufi. Mutum ya sauka jirgi lafiya lau, ya hau bene hawa biyu kacal, sai ya tsaya yana haki kamar wanda ya fito daga filin kokowa. Ba tsufa ba ne. Yamai tana wajen mita 200 bisa teku, Adis kuwa ta zarce 2.300. Gwargwadon yadda mutum ya hau, haka iska ke raguwa nauyi, kowane numfashi kuma ya kawo ma jini iskar oksijan kaɗan. A ƙolin Kilimanjaro, mita 5.895, kusan rabin wadda muka saba shaƙa ce ke samuwa.

Inda jama'a ke kuskure shi ne zaton cewa mai ƙarfi ya tsira. Gudu da tafiyar ƙasa da kaya a baya, watanni biyu ko uku kafin tashi, suna gyara ƙafa da zuciya, amma jini sai a can sama yake sabawa, kuma a hankali: numfashi cikin kwanaki, ƙarin jajayen ƙwayoyin jini cikin makonni. A 2009, Ajantina, da Messi a cikinta, ta sha kashi 6 da 1 a hannun Bolibiya a birnin La Paz, mita 3.600. Ai ba ƙarfi suka rasa ba.

Ƙa'idar likitoci: da an haura mita 3.000, kada makwancin yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta yini guda bayan kwana uku ko huɗu. Ciwon kai da tashin zuciya gargaɗi ne, a dakata. In tari da haki sun zo mutum yana zaune, ko tafiya ta koma tangaɗi, a sauko nan take, ko da tsakar dare ne.

Sai abin da ya shafe mu musamman: amosanin jini, wanda ya yawaita a ƙasarmu. Da yawa suna ɗauke da rabin gadonsa ba su sani ba, don bai taɓa kwantar da su ba. A can sama, aikin wahala na iya toshe ma irin wannan mutum jijiyoyin saifa. Awon jinin ba shi da wuya; a yi shi tun kafin a yanki tikiti.